Kwana uku ina fama da 4,294,967,297

Ƙanwata ce ta jawo min wannan aikin. Tana karatun kwamfuta, sai ta ci karo da 4,294,967,296 a littafinta, wai ita ce yawan lambobin da bit 32, wato gurabe 32 na sifili ko ɗaya, ke iya riƙewa, kuma ita ce dai yawan adireshin intanet a tsohon tsarin nan na IPv4. To ita wannan ba wani ɓoyayyen abu a cikinta, 2 ce kawai ake ta ninkawa, 2 sau 2 sau 2 har guda 32. Sai yarinyar nan ta ƙara 1 a kai, ta rubuta a 'yar takarda ta miƙo min tace "Yaya wannan fa, firam ce ko tana rabuwa?" Ga wanda ya manta, firam ita ce lambar da ba abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta, irin su 7 da 13 da 101. Nace ajiye min zan duba. Kwana uku ta ɗauke ni, kuma wallahi ban ji na yi asarar ko awa ɗaya ba.

Tun farko na kafa wa kaina doka, ba zan buga ta a waya ba, ba zan tambayi intanet ba. Na san a daƙiƙa ɗaya zan ga amsa, amma amsar ba za ta gaya min dalili ba, ni kuma dalilin nake so. Biro da takarda, sai wata tsohuwar kalkuleta mai ɗaukar lamba 8 kacal a fuskarta. Ita kuwa wannan lamba 10 ce a jere, biliyan huɗu da miliyan ɗari biyu da casa'in da huɗu da dubu ɗari tara da sittin da bakwai da ɗari biyu da casa'in da bakwai, wato ko shiga kalkuletar ba za ta yi ba. In mutum zai ƙirga ta ɗaya-ɗaya duk daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya shekara 136 da ɗoriya.

Na fara da abubuwan da ido ke gani. Da 7 ta ƙare, kenan mara ce ba cika ba, 2 ta fita, 5 ma ta fita da saura 2. Na tara lambobinta, 4 da 2 da 9 da 4 da 9 da 6 da 7 da 2 da 9 da 7, suka bani 59, in ka raba 59 da 3 saura 2, da 9 saura 5, to su ma ba su shiga. Na 11 kuwa ana farawa ne daga dama, a tara wannan a ɗebe na gaba a tara a ɗebe har ƙarshe, na samu bashin 17, wato 17 ƙasa da sifili, in ka ɗora 22 a kai ya zama 5, saura 5 kenan. Ba sikwaya bace, don duk lambar da aka samu ta hanyar ninka lamba da kanta da 0 ko 1 ko 4 ko 5 ko 6 ko 9 take ƙarewa. Ba kuma ta cikin lambobin dala, irin 1, 3, 6, 10, 15 ɗin nan da ake jera ɗigo layi-layi, su ma ba sa taɓa ƙarewa da 7. Duk wannan ko minti ashirin bai ci ba.

Daga nan wahala ta fara. Tunda kalkuleta ba ta ɗauka sai na riƙa yanka lambar gida biyu, in raba 4,294,967 tukuna, in ɗauki saurar in manna mata 297 a baya in sake rabawa. Misali da 7, kashi na farko ya bar 5, sai 5,297, ita ma ta bar 5. Haka na bi 13 ta bar 10, 17 ta bar 2, na wuce 19 da 23 da 29 ina ta tafiya har 97, firam 25 kenan cif da ke ƙasa da ɗari, ba wadda ta shiga. Sai na tsaya na tambayi kaina wai ina ne ƙarshen hanyar nan. Ƙa'idar ita ce in lamba tana rabuwa to dole ɗaya daga cikin masu raba ta bai wuce tushenta ba, tushen wannan kuma ya ɗan ɗara 65,536 da ƙyar, tunda 65,536 sau kanta ita ce 4,294,967,296. Firam ɗin da ke ƙasa da 65,536 guda 6,542 ne. Ni na yi 25 hannuna ya gaji, kuma ba ni da wata alama ko amsar na kusa ko tana can ƙarshe ko ma babu ita gaba ɗaya. Na rufe littafi na kwanta, raina ba daɗi.

Da safe da na sake duba shafin sai wani abu ya tsaya min a ido. 3 ta bar 2, 5 ta bar 2, 17 ta bar 2. Sauran duk saurarsu a warwatse take amma waɗannan ukun bakinsu ɗaya, ruwa kuwa ba ya tsami banza. Na cire 2 daga lambar ta koma 4,294,967,295, na raba da 3, na raba da 5, na raba da 17, abin da ya rage na gwada 257 ta shiga tas, sai ga 65,537 ta rage. Wato 3 sau 5 sau 17 sau 257 sau 65,537, a ƙara 2, ita ce lambar ƙanwata. Kuma kowacce a cikinsu irin gininta ne da ita, 3 ita ce 2 da 1, 5 ita ce 4 da 1, 17 ita ce 16 da 1, 257 ita ce 256 da 1, 65,537 ita ce 65,536 da 1, kullum sai ka cire ɗaya daga ta baya, ka ninka abin da ya rage da kansa, ka ƙara ɗaya. A nan na gane kuskurena na jiya, na ɗauke ta kamar wata lamba da aka tsinta a hanya alhali tana da dangi. Ko a bainari, rubutun kwamfuta na sifili da ɗaya, kamanninta a fili yake, 1 a farko, sifili 31 a tsakiya, 1 a ƙarshe. Gurbi 33 kenan, shi yasa in ka cusa ta a ma'ajin bit 32 kan ya guntule ta koma 1 kawai.

Waɗannan su ake kira lambobin Fermat, na tuna sunan tun makaranta. Pierre de Fermat ɗan Faransa ne, aikin shari'a yake a birnin Tulus, lissafi a gefe yake yinsa. A 1640 ya rubuta wa wani masanin lissafi mai suna Frenicle wasiƙa yace yana da yaƙinin duk lambobin wannan jerin firam ne, amma ya faɗa da bakinsa cewa bai da cikakkiyar hujja. Biyar ɗin farko kam firam ne ba tantama. Tamu ita ce ta shida a layi, ana ce mata F5 saboda daga sifili ake fara ƙirga su. Na san akwai labarin cewa maganar tasa ta karye a wani wuri, amma ban riƙe a ina ba kuma ban riƙe da wace lamba ba, na kuma hana kaina dubawa.

Sai na ce bari in yi mata gwajin shi Fermat ɗin da kansa. Yana da wata ƙa'ida da ake ce wa ƙaramar ƙa'idar Fermat, ita ma a 1640 ya faɗe ta, cewa in p firam ce mara, ka ninka 2 da kanta har guda p ban da ɗaya, ka raba da p, saura 1 za ka gani kullum. Gwada da 7, 2 guda 6 sun bada 64, 64 kuma 63 ce da 1. To a tamu abin ya zo da sauƙi har ya bani mamaki. 2 fawa 32, wato 2 sau 2 har guda 32, ƙasa take da lambar da ɗaya tak, wato kamar bashin 1 ce, in ka ninka bashin 1 da kansa ya zama 1, kenan 2 fawa 64 tana barin saura 1. Lambar ban da ɗaya kuma 64 na shiga cikinta ba saura. Shikenan ta ci gwajin. Gaskiya a lokacin zuciyata ta karkata, har na ɗauki takardar zan je in ce mata firam ce. Abin da ya riƙe ni shi ne 341. Ita ma tana cin wannan gwajin lafiya lau amma 11 sau 31 ce. Ƙa'idar cewa tayi duk firam zai ci gwajin, ba ta ce duk wanda ya ci firam bane, kama da wane ba ta wane. Kuma da na ƙara dubawa sai naga duk wata lambar Fermat dole ta ci gwajin 2 saboda yadda aka gina ta, ko firam ce ko ba firam ba, don haka cin da tayi bai gaya min komai ba ko kaɗan.

Wannan wurin shi ne inda na fi daɗewa, kuma shi na fi so a duk tafiyar. Na juya tambayar. Maimakon in ce wace lamba zan gwada, sai nace to a ɗauka akwai wata firam p da ke raba ta, wane irin hali dole p ta kasance da shi? In kana ninka 2 kana rabawa da p kana rubuta saura, saurar zagaye take yi. Da 7 za ka ga 2, 4, 1, sai ta koma 2, 4, 1, tsawon zagayen 3. Da 17 za ka ga 2, 4, 8, 16, 15, 13, 9, 1, tsawonsa 8. Kuma saboda waccan ƙa'idar, tsawon zagayen dole ya raba p ban da ɗaya, 3 ta raba 6, 8 ta raba 16. To p ɗinmu fa, a taki na 32 saurarta bashin 1 ce, a taki na 64 ta dawo 1. Kenan tsawon zagayenta yana raba 64 amma ba ya raba 32, don da yana raba 32 da 1 za mu gani a can ba bashin 1 ba. Masu raba 64 su ne 1, 2, 4, 8, 16, 32 da 64, dukkansu suna raba 32 in ban da ita 64 ɗin. Tsawon 64 ne, ba makawa. Saboda haka p ban da ɗaya dole 64 ta shiga cikinta, p dole ta zama 64 sau wani abu a ƙara 1.

Kai, na daɗe ina kallon layin nan. Duk su 7 da 13 da 97 da na sha wahala a kansu jiya ashe ko ƙofar gidan ba su zo ba, tunda mafi ƙanƙantar mai wannan siffar 65 ce. Na jera su, 65, 129, 193, 257, 321, 385, 449, 513, 577, 641, na ci gaba har ƙasan shafi. Na soke waɗanda ba firam ba, 65 ta 5 ce, 129 da 321 da 513 na 3 ne, 385 ta 5 ce. 257 ma na riga na san saura 2 take bari. Aka bar ni da 193, 449, 577, 641 a sahun gaba.

Na kuma daina yanka babbar lambar, na samu hanya mafi sauƙi. Tunda ita 65,536 sau kanta ce da 1, sai in raba 65,536 da p in ɗauki saura, in ninka saurar da kanta, in sake rabawa, in ƙara 1. Duk lambobin ƙanana ne kalkuleta na ɗauka. Da 193, 65,536 ta bar 109, 109 sau 109 ta bada 11,881, ta bar 108, a ƙara 1 ya zama 109, ba ta shiga. A 449 na yi tuntuɓe, na ɗebe ba daidai ba na samu wata saura daban, sai da na sake bi ta tsohuwar hanyar yankawa naga amsoshin biyu sun saɓa, na koma na gyara. Daidai ɗin shi ne 65,536 ta bar 431, wato saura 18 ta cika 449, 18 sau 18 kuma 324, da 1 ya zama 325. Tun daga nan kowane gwaji sau biyu nake yinsa, don a irin wannan aikin kuskure ɗaya zai sa ka tsallake amsar ka wuce baka sani ba, ka yi ta tafiya har dubu sittin a banza. 577 ta bar 335, sau kanta 112,225, ta bar 287, da 1 ya zama 288.

Sai 641. 641 sau 102 ta bada 65,382, saura 154. 154 sau 154 ta bada 23,716. Na raba da 641 naga kalkuleta ta nuna 36 da ɗigo da tara tara, gabana ya faɗi. Na buga 641 sau 37, sai ga 23,717. Ɗaya tak ya rage, ɗayan nan kuma shi ne wanda ƙanwata ta ƙara. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Na dawo na yi rabawar gaba ɗaya don gani ya kori ji, 4,294,967 a raba da 641 ya bada 6,700 saura 267, na manna 297 ta zama 267,297, a raba da 641 ya bada 417 cif ba ko ɗigo. 641 sau 6,700,417. Ba firam bace.

Sai a lokacin na yarda na buɗe littafi na karanta tarihin. Leonhard Euler, ana furta sunan kamar Oila, ɗan Suwizalan da ke aiki a Sant Fitasbag ta Rasha, shi ya fasa ta a 1732 yana ɗan shekara 25, bayan wani masanin lissafi Goldbach ya ja hankalinsa kan maganar Fermat a wata wasiƙa ta 1729. Shekara 92 kenan maganar na tsaye. Kuma hujjar 64 sau wani abu da 1 ɗin nan ita ce dai Euler ya bayyana daga baya. Abin da ya taɓa ni shi ne makamin da aka karya zancen da shi na Fermat ne da kansa, yana hannunsa tun 1640, gwaji biyar ne kawai tsakaninsa da amsar. Ban ga abin raini a nan ba, mutum ne da ya faɗi abin da yake zato kuma ya faɗi cewa bai tabbatar ba. Na kuma lura 641 ita ce firam ta 116 a jeri, da na daure da hanyar jiya da na iso ta wata rana, amma da na iso ne ban san me yasa ita ba.

Akwai wata gajeriyar hujja da na gani a nan wadda har yanzu in na tuna sai naji daɗi. 641 tana da fuska biyu, ita ce 5 sau 128 da 1, kuma ita ce 625 da 16, wato 5 fawa 4 da 2 fawa 4. Fuskar farko tace 5 sau 2 fawa 7 bashin 1 ne, ka ninka shi da kansa har guda huɗu, 5 fawa 4 sau 2 fawa 28 ya zama 1. Fuska ta biyu tace 5 fawa 4 daidai take da bashin 2 fawa 4. Ka musanya, sai ga 2 fawa 32 ta zama bashin 1. Layi uku, ba kalkuleta.

Amma aiki bai ƙare ba, don 6,700,417 na zaune tana kallona, ita ma ai sai an san ko tana rabuwa. Tushenta tsakanin 2,588 da 2,589 yake. Duk firam ɗin da ya raba ta ya raba uwar, kenan dokar 64 na kanta. A nan na ci moriyar abin da na karanta, Édouard Lucas, shi ma ɗan Faransa, ya ƙara matse dokar a 1878, ya nuna ba 64 kaɗai ba, 128 ma dole ta shiga p ban da ɗaya. Da na san wannan tun farko da 193 da 449 da 577 duk ban taɓa su ba, 641 ce za ta zama gwajin farko bayan 257. Na jera 128 sau 1 har sau 20 ina ƙara ɗaya, daga 129 zuwa 2,561, na bi su ina sokewa. Wasu sai da na ɗan yi gumi kafin su nuna kansu, 1,537 ashe 29 sau 53 ce, 1,921 kuma 17 sau 113, 2,561 ita ce 13 sau 197. Firam biyar suka tsira, 257, 641, 769, 1,153 da 1,409. 641 ta bar 44 a cikin 6,700,417, kenan ba ta shiga sau biyu. Sauran na gwada su da uwar, 769 ta bar 20, 1,153 ta bar 789, 1,409 ta bar 1,364. Ba wadda ta shiga. Lamba mai miliyan shida da dubu ɗari bakwai, na tabbatar firam ce da gwaji huɗu a kan takarda, ni wannan ya fi burge ni ma fiye da samo 641 ɗin.

Da aka samu iyayen biyu sai sauran bayanan suka riƙa zubowa da kansu. Masu raba ta huɗu ne kacal, 1 da 641 da 6,700,417 da ita kanta. Tana cikin ajin da ake ce wa rabin firam, 'ya'yan firam biyu, irin ginin da tsarin ɓoye saƙo na RSA ke dogara da shi, sai dai nasu lambobin ɗaruruwan gurabe ne kuma ba a zaɓar mai ƙaramin ɓangare irin 641. In ka tara masu raba ta ban da ita ka samu 6,701,059, ƙasa da ita nesa ba kusa ba, to gajiyayya ce, ba kammalalla ba irin 6 da 28 da nasu ke dawo da su daidai, ba kuma mai yalwa ba irin 12 da nata ke kaiwa 16. Yawan lambobin da ke ƙasa da ita waɗanda ba su haɗa mai rabawa da ita ba shi ne 640 sau 6,700,416, wato 4,288,266,240, kusan dukkansu kenan, shi yasa take ta yi min kama da firam.

Na yi kwana na uku a kan maganar rubuta ta a matsayin jimlar sikwaya biyu. A fili take cewa ita 65,536 sau kanta ce da 1 sau kanta. Firam mai siffar 4 sau wani abu da 1 hanya ɗaya tak ake rubuta ta a haka, amma 'yar firam biyu masu wannan siffar hanya biyu gare ta, to ina ta biyun? 641 ita ce 625 da 16, wato 25 sau kanta da 4 sau kanta. Akwai tsohuwar dabarar ninka irin waɗannan da ake dangantawa da Brahmagupta na Indiya, na bi ta da baya, nace 25 sau a da 4 sau b su bada 65,536, 25 sau b a ɗebe 4 sau a ya bada 1. Na warware na samu a 2,556, b kuma 409. Na duba, 6,533,136 da 167,281 sun bada 6,700,417 daidai. Sai na juya alamomin, 63,900 a ɗebe 1,636 ya bada 62,264, 10,225 da 10,224 suka bada 20,449. Da hannu na ninka su don sun fi ƙarfin kalkuleta, 3,876,805,696 da 418,161,601, na tara, sai ga 4,294,967,297 ta fito gurbi bayan gurbi. Da wani zai miƙo min waɗannan lambobin biyu tun ranar farko, sun isa hujjar cewa ba firam bace ko ba a san 641 ba. Haka ma gwajin Pépin na 1877, da 3 ake yinsa maimakon 2, yana faɗin gaskiyar lambar Fermat ba tare da ya nuna mai raba ta ba, sai dai shi ninki 31 ne na lambobi masu gurbi goma, ban yi shi da hannu ba.

Wani abin da ban zata ba shi ne dangin nan suna da hannu a zane. A 1796 Gauss na Jamus, yana ɗan shekara 18, ya nuna ana iya zana siffa mai gefe 17 daidai wa daida da rula da kamfas kawai, wani ɗan Faransa Wantzel ya ƙarasa ɗaya ɓangaren hujjar a 1837. In yawan gefen mara ne, sai ya zama firam ɗin Fermat ko ninkin wasu daga cikinsu ba maimaici. Da guda biyar ɗin da aka sani haɗi 31 ake samu, mafi girma shi ne a ninka su duka, 4,294,967,295, maƙwabciyar tamu da ke ƙasa da ita da 2. Ita tana zanuwa, tamu ba ta zanuwa saboda 641. Kuma tun daga 65,537 ba a sake samun firam a jerin ba, daga F5 har F32 duk an tabbatar suna rabuwa, F33 ce ta farko da har yanzu ba a yanke mata hukunci ba.

Na mayar wa ƙanwata takardarta da 641 sau 6,700,417 a ƙasa. Ta buga a wayarta ta gani, tace "To Yaya ta gaba fa?" Ta gaba 2 fawa 64 da 1 ce, gurbi 20, masu raba ta dole su zama 256 sau wani abu da 1. Na gwada 769 a gabanta tunda ina da saurar 2 fawa 32 a kanta, wato 19, a rubuce tun jiya, 19 sau 19 da 1 ya bada 362, ba ta shiga. Wannan karon ban ɓoye wa kaina amsar ba, na riga na gani a littafin cewa wani masanin lissafi Landry ya fitar da 274,177 a 1880, wato 256 sau 1,071 da 1, tafiya mai nisa in da hannu ne. Amma na ce mata zauna mu tabbatar da kanmu. Muka raba 4,294,967,296 da 274,177, ya shiga sau 15,664 ya bar 258,768, saura 15,409 ya cika. Ita ta ninka 15,409 da kanta a takarda ta samu 237,437,281, ni kuma na ninka 274,177 da 866 na samu 237,437,282.